Kawu Mai Tuƙa Jirgi a Tudu

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa da ke Garwa, bayan ya yi shekara uku a kwance. Yayan mahaifiyata ne, kuma ya haura tamanin. An yi masa sutura, an kai shi makwanci kafin azahar.

Kwana uku na zauna a tsakar gida tare da mata muna karɓar gaisuwa. Ta katanga muna jin abin da maza ke faɗa a ƙofar gida. Tsofaffin direbobin tasha sun ce bai taɓa sauke fasinja a daji ba, ko da mota ta lalace sai ya kwana da su. Liman ya ce mutumin sahun farko ne. Wata maƙwabciya Bafulatana ta yi ta maimaitawa, rabi da Fulatanci rabi da Hausa, cewa shi ya kai ɗanta asibiti ranar da babur ya buge shi. Duk wannan gaskiya ne, na shaida.

A rana ta biyu wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi ta zo daga Lagdo. Ta gaishe da matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta yi addu'a, ta zauna. Can sai ta ɗaga kai ta ce, "Inna, ina filafilin tuƙin jirgin nan nasa?"

Mata suka dubi juna.

"Wallahi mutumin nan ya taɓa sa ni amai a filin lakwal, makarantar yara," in ji ta. "Ƙasa busasshiya, ina zaune a kan benci, amma cikina ya juya kamar ina tsakiyar tafki. Na kama matar da ke kusa da ni na ce, baiwar Allah riƙe ni, ban iya ruwa ba."

Wasu 'yan mata suka kwashe da dariya, suka toshe baki da mayafi. Inna ta ce, "Hajiya, makoki ake yi." Da yamma babban ɗan Kawu ya shigo, ya same ni a bakin rumfa, ya ce, "Na ji maganar da tsohuwar nan ta tayar. Baba ya yi wasanninsa a da, Allah ya yafe masa. Ke da kike da bakin rediyo, don Allah kada ki je kina yaɗa shi."

A cikin duk mutanen da suka zo, ita kaɗai ta ambaci abin da Kawu ya fi so a duniya. Shi ya sa nake wannan rubutu. Akwai kuma wani dalili wanda ya fi nauyi: Kawu ya ba ni ajiyar wasan nan, na ce masa na riƙe, ya mutu yana zaton na riƙe.

A ƙarshen shekarun saba'in Sinawa suka zo gina madatsar ruwa ta Lagdo. Mu a Garwa Shinuwa muke ce musu. Kawu a lokacin magidanci ne mai shekara talatin da 'yan kai, aka ɗauke shi yana jan motar cefane. Kullum ya shigo Garwa ya sayo kabeji da albasa da nama, ya koma sansaninsu ya miƙa wa kuku.

Kukun gajere ne, ya kusa hamsin, ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya. Kowace safiya idan Kawu ya idar da sallar asuba sai ya hango shi tsaye a bakin kogin Binuwai, hannu a ƙugu, yana fuskantar ruwa yana jan wani dogon ihu, ya yi siriri ya yi sama, ya sauko, ya sake. Leburori suka ce aljanun ruwa sun kama Shinuwa. Kawu bai yarda ba, domin a cewarsa mai aljanu ba ya duba agogo, shi kuwa kuku minti ashirin yake yi daidai ya koma ya dafa shayi. Sai ya tambayi tafinta, wani saurayi mai tabarau wanda ya karanta Faransanci.

Tafinta ya ce murya yake buɗewa. Ya ce tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi hannun wani malamin wasa, irin tsohon wasan ƙasarsu wanda ake rerawa, ana fenta fuska, ana sa riguna masu dogayen hannuwa, ganga da faranti na tagulla suna jan kowane taku. Ba a koyonsa a littafi. Malami ya yi, ɗalibi ya kwaikwaya, shekara da shekaru. Daga baya aka shiga wasu shekaru da gwamnati ta hana tsofaffin wasanni, aka rufe akwatunan kaya, aka tura 'yan wasa gona da masana'anta. Shi aka tura shi kicin. Lokacin da aka ɗage hanin muryarsa ta riga ta tsufa, sai ya zauna a kicin ɗin.

Kawu ya raɗa wa wannan suna wasan waƙa. Shi tafinta ba ya ƙaunarsa. Nasa shi ne wasan magana, kuma ya ba Kawu tarihinsa a zama da yawa. Ya ce a farkon ƙarnin da ya wuce ɗaliban Sin da suka je karatu Japan sun ga wasa irin na Turawa, suka dawo gida suka fara nasu. Babu waƙa, babu fenti. Mutane su sa kayan da suke sawa a titi, su zauna a kujerar gaske, su buɗe ƙofar gaske, su yi maganar da ake yi a gida, a kan abin da ke damun mutane a ranar: yunwa, mamayar baƙi, 'ya'yan da suka gaji da mulkin iyaye. Ya ce masu ilimin lokacin sun zargi tsohon wasa da lallashin jama'a da labarin sarakuna da jarumai alhali ƙasa na rushewa. Daga baya na karanta na ga abin da ya faɗa haka yake. Na kuma ga cewa gardamar ba ta ƙare ba a can: masu wasan magana sun koma suna aron dabarun tsohon wasa, tsohon wasa kuma ya ɗauki labaran zamani.

A kicin ɗin Lagdo dai gardamar kullum sabuwa take. Labarin da Kawu ya fi son bayarwa shi ne cewa kuku ba shi da hanyar kai ƙarar tafinta wurin Kawu sai ta bakin tafintan. Sai kuku ya yi ta zuba, yana nuna shi da wuƙa, shi kuma tafinta ya gyara tabarau ya ce da Faransanci, "Ya ce wai ni jaki ne da aka kai makaranta." Kawu ya ce bai taɓa ganin mutum mai amana kamar yaron nan ba, ko zagi ɗaya bai rage ba.

Wata rana kuku ya ce a gaya wa direba: a wasan tafinta idan ana son doki sai an jawo doki, ya yi kashi a dandali. Shi kuwa bulala kawai zai ɗaga, ya hau. Idan ya zagaya dandali sau ɗaya ya yi tafiyar wata guda. Tafinta ya ce wannan yaudarar yara ce. Kuku ya ɗauki dogon ludayin da yake juya miya da shi, ya tsaya a tsakiyar kicin, ya saki gwiwa, ya tsoma ludayin a iska kamar mai tuƙa kwalekwale.

"Wallahi 'yar nan," in ji Kawu, "sai da na dafa bango."

Daga ranar ya manne masa. Kuku ya ce jirgi mutum biyu yake so, ɗaya a gaba ɗaya a baya, idan na baya ya nutsa na gaba ya tashi. Sai Kawu ya jawo abokinsa, wani Kirista mutumin duwatsun Mora wanda ke faskaren itacen kicin. Kusan shekara biyu kuku yana koya musu a bayan kicin, bayan abincin rana, babu yaren da ya haɗa su. Idan gwiwa ta yi tauri ya buge ta da ludayi. Suna ce masa Shifu, wato malam, kuma har Kawu ya mutu bai san sunansa na gaskiya ba. Ya taɓa roƙon a koya masa waƙoƙin, ya rera baiti ɗaya, Shifu ya toshe kunnuwa ya fita waje. Saboda haka jirgi kaɗai suka samu.

Da aka gama madatsa ruwa ya taru, ya rufe ƙauyuka. A ɗaya daga cikinsu aka binne mahaifiyar Kawu, kakata. Sinawa suka tafi. Kawu da abokinsa suka ƙirƙiro wasansu da abin da aka bar musu: wa da ƙane sun shiga kwalekwale suna neman daidai wurin da garinsu yake a ƙarƙashin tafki, don su yi wa uwarsu addu'a. Abokin shi ne ƙane, yana gaba. Kawu shi ne wa, yana baya da filafili na gaske wanda wani masunci ya sassaƙa masa. Ban da filafilin babu komai a fili. Magana ba ta fi jimla goma ba. Akwai waƙa ɗaya da Kawu ya tsara da Hausa, yana rerawa da siririyar murya irin ta Shifu, har wasu maza suka riƙa yi masa ba'a a tasha suna cewa ya ari muryar Inna.

Shekara goma sha biyu suna yi, a filayen makarantu da ranakun kasuwa, Garwa, Pitowa, Ngong, Lagdo. Ba su taɓa sa kuɗin shiga ba. Ina yarinya na gani sau biyu. Abin da ya rage a kaina shi ne matan da ke gabana suna karkata tare, hagu, dama, kamar wani ke tura bencin. Yadda aka yi ban riƙe ba, don ban san akwai abin riƙewa ba.

Kawu mutum ne mai wahalar zama. Ba ya iya ganin mutum ya tsaya da gwiwa a ƙage bai yi magana ba. Ko a layin burodi sai ya ce, "Saki gwiwa, malam, kana tsaye kamar turken akuya." Idan Inna ta ɗauko tulu yakan bi ta da ido ya ce tafiyarta ta fi ta duk ɗalibansa, ita kuma ta ce, "Ɗaliban naka guda nawa ne, Alhaji? Ni dai ɗaya na sani, shi ma ya gudu." Inna ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ta ce ba za ta je ta ga uban 'ya'yanta yana rangaji a gaban mutane ba.

Ni bashin murya yake bina, idan ana bin irin wannan. Ina da shekara goma sha tara na nemi shiga horon aikin rediyo, aka ce muryata ba ta fita, tana maƙale a hanci. Na dawo gida ina kuka. Kawu bai lallashe ni ba. Washegari bayan asuba ya tsaya da mota a ƙofar gidanmu, ya kai ni bakin Binuwai, ya ce in sa hannu a ƙugu in kira mutumin da ke ƙetare. Na ce babu kowa a ƙetare. Ya ce, "To kira har ya zo." Wata biyu muna zuwa. Masunta suka saba da mu, wani ma yakan amsa daga can ya ce, "Na'am, Hajiya, me za a kawo?" Da na koma aka ɗauke ni. Shekara talatin na ci abinci da numfashin da wani kuku ya koyo yana ɗan shekara bakwai a wata ƙasa da ban taɓa gani ba.

Rabuwarsu da abokinsa ta zo ne ina can wurin horo. A shekarun da kwalara ta yi yawa, masu aikin lafiya suka nemi 'yan wasa su riƙa faɗakarwa a kasuwanni. Abokin ya shiga, ya ga yadda wasan magana ke aiki: mutum ya fito ya ce a tafasa ruwa, a wanke hannu, mata su koma gida su tafasa. Ya ce wa Kawu su ma su gyara nasu, su ƙara magana, su faɗi sunayen ƙauyukan da ruwa ya ci, su faɗi cewa har yau wasu ba su sami gonar kirki ba. Kawu ya ce a'a. Abokin ya ɗauka idan Kawu ya gani da ido zai sauko. Ranar wani wasa a Lagdo sai ga shi da kamiyo, babbar motar kaya, maza shida suka sauke kwalekwale na gaske a tsakiyar filin makaranta, har da taru a ciki.

Waɗanda suke wurin sun ce Kawu ya zagaya kwalekwalen sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da filafili, ya ce, "Wannan katako ne a kan yashi. Kowa na ganin ba ya motsi. Ka kawo jirgi ka kore mini ruwa."

Abokin ya ce, "Kai mutane su yi kuka su tafi gida kake so. Ni so nake su san abin da aka yi musu."

"Je ka nemi tafinta, ya fi dacewa da kai."

"Kai kuma je ka bi kukunka, ka ga ko ya tuna da kai."

Wannan ce ta yi zafi, domin tun da Shifu ya tafi ko wasiƙa ɗaya ba ta zo ba. Kawu ya saɓa filafili ya shiga mota. Abokin ya koma garinsu a duwatsu ya kama noma. Ba su ƙara magana ba. Ni a raina na daɗe ina ganin abokin ne ke da gaskiya, kuma har yau ban tabbata ba shi da ita ba. Wasannin da na shirya a rediyo duk na magana ne, kuma na san sun yi amfani.

Shekara shida da suka wuce Kawu ya aiko a kira ni. Ya ce ƙafafunsa sun fara yi masa gardama, 'ya'yansa babu mai so, in zo da kayan aikina in ɗauka. Na je da la'asar da rikodar gidan rediyo da makirfo mai kyau. Ya share tsakar gida da kansa. Ya ja layi a yashi, ya bar taku uku a gabansa babu kowa, wurin ƙane. Na ce, "Kawu, ka ɗan riƙa bayanin abin da kake yi, masu sauraro ba sa gani." Ya dube ni ya ce, "Ke ma tafinta ce." Ya fara.

Na sa abin sauraro a kunne, na sunkuya a kan rikoda ina lura da alamar sauti, yadda aka koya mana. Minti ashirin da uku. Wayata mai kyamara tana cikin jaka a gefena, kuma ko sau ɗaya tunanina bai je kanta ba. A wurina abin da aka ɗauka shi ne abin da kunne ya ji.

Da na koma ofis na saurara. Akwai jan ƙafa a yashi, akwai numfashi, akwai wani ɗan gajeren kira da yake yi daga ƙirji kafin kowace nutsawa, akwai waƙar, akwai zakaran maƙwabta da dakan sakwarar Inna. Babu abin da za a iya sa wa a iska. Na ce zan koma da mai kyamara bayan azumi. Bayan azumi aka tura ni aiki Ngaundere. Na ce bayan damina. Haka har ranar da aka bugo mini cewa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Shekara ukun da ya yi a kwance kowace Juma'a ina zuwa. Harshensa ya yi nauyi, amma tambaya ɗaya tana fita sarai.

"Kin riƙe?"

"Na riƙe, Kawu."

"Duka?"

"Duka."

Sai ya lumshe ido. Sau ɗari da wani abu na ba shi wannan amsa. Na sha yin niyyar zuwa neman abokinsa, amma hare-haren da ake kai wa yankin Mora sun watsa ƙauyensu, ban san inda yake ba, kuma gaskiya ban matsa ba. Muddin Kawu na numfashi ina jin kamar abin yana nan a ɗakin.

Bayan sadakar bakwai na fara bin mutane. Na je Lagdo wurin mai bandar kifi na ce ta nuna mini abin da Kawu yake yi. Ta miƙe, ta kama muciya, ta kaɗa sau biyu, ta zauna tana dariya. "'Yata, ni na ga ruwa ne, ban ga mutum ba." Na sami wani tsohon malamin lakwal ya ce Kawu durƙusawa yake yi a ƙarshe. Wani mai gyaran taya ya rantse miƙewa yake yi a kan yatsun ƙafa. Kowa ya tuna ya yi kuka, babu wanda ya tuna dalili. A tasha wani direban Marwa ya ce ya san inda abokin yake: yana unguwar Dugoy a Marwa, a gidan 'yarsa, tun da suka gudo.

Daren da zan tafi ban gaya wa babban ɗan Kawu ba. Da safe Inna ta miƙo mini wani dogon abu a naɗe cikin tsohon zane, ta ce, "Ɗauki kafin a hura wuta da shi. Kada ki ce ni na ba ki."

Na isa Marwa da azahar. Na same shi a inuwar dalbejiya a tsakar gida yana ɓare gyaɗa, dogo, siriri, gashi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni 'yar ƙanwar direban Shinuwa ce. Ya ajiye tiren.

"Ya tafi ko?"

"Ya tafi, Baba. Yau kwana ashirin."

Ya cire hula, ya yi addu'a irin tasu, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ya ambace ni?"

Na gaji da ƙarya, na ce, "Bai ambaci sunanka ba. Amma da ya yi mini wasan, ya bar wurinka babu kowa."

"Taurin kai," in ji shi. "Jakin dutse ma ya fi shi sauƙi. Ni ma haka. Ina filafilin?"

Na gaya masa komai, har da amsar da na riƙa ba Kawu. Bai yi mini faɗa ba. Ya kira 'yarsa ya ce ta share fili. Na ba ta wayata, na nuna mata inda za ta tsaya, na ce ko me ya faru kada ta sauke hannu. Na kunna rikoda na ƙure murya.

Da jan ƙafar farko ya fito, tsohon ya miƙe. Ya ba mu gefe, ya kafa ido a katanga, ya saki gwiwa. Kiran Kawu ya fito daga rikoda, sai Baba ya tashi sama a hankali kamar an ɗaga ƙasar da yake kai. Wani kira, ya nutsa. Ya kare ido da tafin hannu yana duban nesa, ya nuna wani wuri, ya janye hannun, ba nan ba ne. Igiyar ruwa ta buge su, ya yi baya taku biyu, ya kama bakin jirgin da babu. 'Yarsa, mace mai 'ya'ya biyar, ta jingina da ƙyaure tana riƙe da wayar da hannu biyu, ta ce, "Yesu, Baba, a ina ka ɓoye wannan?" Ni ban sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya. Ya bi sautin har ƙarshe bai yi kuskuren taku ba. Da ya zauna yana haki, na ji wani nauyi ya fara sauka daga ƙirjina. Rabi ya samu.

Na warware zanen, na miƙa masa filafilin da hannu biyu. Na ce, "Baba, idan ka huta, sai na Kawu."

Ya dubi filafilin bai karɓa ba.

"Tsomawa da ja zan iya nuna miki, wannan tare Shifu ya koya mana. Kowane masunci ma zai nuna miki. Amma abin da yake yi a wasanmu ban sani ba."

"Baba, shekara goma sha biyu fa."

"Ina gaba, yana baya. Na gaba ba ya waiwaye, doka ce. Idan ka waiwaya mutane sun ga maza biyu tsaye a ƙasa. Sau ɗaya na juya, Shifu ya kusa cire mini kunne da ludayi. Da kunne nake binsa, kamar yadda kika ga na bi injin nan." Ya nuna rikoda. "Mayar da shi baya. Bayan waƙar. Nan."

Na mayar. Waƙar ta ƙare, sai shiru. Babu jan ƙafa, babu kira, ko numfashi ba a ji.

"A nan muka iso kan kabarin," in ji shi. "Ni aikina in tsaya cik ina duban gaba. Ina ganin fuskokin mutane. Duk surutu ya mutu, mata su fara share ido, maza su sunkuyar da kai, kuma babu mai kallona, duk idonsu yana bayana. Shi kuwa ba ya yin ƙara ko kaɗan. Shekara goma sha biyu ina so in san me yake yi. Girman kai ya hana ni tambaya, na ce wata rana zan sa wani ya tsaya a wurina in zauna a benci." Ya juyo ya dube ni. "Ke ya yi a gabanki, ke kaɗai, da rana tsaka. Me ya yi?"

Na tuna wurin sarai. Alamar sauti ta faɗi ƙasa ta tsaya. Na ɗauka makirfo ne ya mutu. Na ciro wayar makirfon na mayar, na buɗe murfin batiransa, na juya su, na hura ramin da baki. Minti huɗu ina fama. Da jan ƙafa ya dawo na yi hamdala cewa injin lafiyarsa lau.

Na gaya masa haka. Ya gyaɗa kai a hankali. 'Yarsa ta tambaya ko ta sauke wayar.

"Sake kunna wurin," in ji shi.

Na sake kunnawa. Muka zauna mu uku muka saurari minti huɗun har suka ƙare. Ya ce in ƙara. Na ƙara.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya sada shi da mahaifiyarsa. Allah ya sa kada a tambaye shi a kan wasa, a tambaye ni a kan amsar da na ba shi.